Yaro ya nace sai ƙwallon ruwa, mahaifinsa ya ce ko kusa

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a cikin garin Bauchi. Babban namiji ne, shekararsa 13. Tun lokacin gasar Olamfik ta Faris ya ga wani wasa a talabijin da ake jefa ƙwallo a raga cikin ruwa, ya ɗora ransa a kai. Kwanan nan wani matashi da ke koyar da wasanni a makarantarsu ya ce zai tara yara ya kafa musu kulob, su riƙa horo a wurin ninƙayar wani otal duk Asabar, kowane yaro da kuɗin wata. Mahaifinsa ya ce ko kusa, wai wasan Turawa ne, kuma otal ba wurin yaro ba ne. Surukata kuwa ko sunan ruwa ba ta son ji. Abin da ya fi tayar mini da hankali, makon jiya na tarar da gajeren wandonsa a jiƙe a ƙasan jakar Islamiyya. Da na matsa masa ya ce tun damina shi da abokansa suke zuwa wani kududdufi a bayan unguwa da tsohuwar ƙwallo. Ban faɗa wa mahaifinsa ba tukuna. Ga ƙanwarsa 'yar shekara 10 ita ma ta ce sai ta je. Malam, in goyi bayan yaron ne ko in bi ta maigida?

Maman yara, Bauchi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk a wuri ɗaya na tsaya: wandon nan da kika tarar a jiƙe. Ke da maigida da Hajiya babba, wato surukarki, kuna ta kai-komo a kan ko za a bar yaro ya shiga ruwa, alhali yaro ya riga ya shiga tun damina. Abin da ya rage a hannunku shi ne wane ruwa zai shiga, kuma wa zai sa masa ido. Don haka ki yi haƙuri, da kududdufin zan fara kafin in zo kan ƙwallo.

Ina ɗan shekara 12, akwai wani rami a bayan garinmu inda magina suka yi shekaru suna ɗibar ƙasar tubali. Ruwan Agusta na sauka sai ya cika ya batse, jajawur, ba ka ganin ko tafin hannunka a ciki. Mu shida muka je rannan bayan la'asar. Ɗan ƙanin mahaifina yana gefena, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Na gan shi a tsaye cikin ruwa, kansa ya karkata baya, bakinsa na nutsewa yana fitowa, hannuwansa na danna ruwa a gefe kamar mai son haye katanga. Bai yi ihu ba, bai kira sunana ba. Na ɗauka wasa yake, har na juya ina kallon wanda zai diro daga kan gaɓa. Da na waiwayo babu shi. Sai bayan magariba manya suka fito da shi. Allah Ya jiƙansa da rahama. Fiye da shekara 40 ke nan, kuma sai da na girma na shiga aikin koyar da wasanni sannan na gane abin da na gani: wanda ruwa ke ci ba shi da numfashin yin ihu, ɗan abin da ya samu na shaƙa ne kawai, kuma sau da yawa abin ba ya wuce minti guda.

Dukanmu shida an hana mu zuwa ramin nan. Dukanmu mun sha bulala a kansa. Abin da bulalar ta koya mana shi ne mu shanya wando a kan dutse kafin mu koma gida. Ɗanki ko wannan dabarar bai ƙware ba tukuna, shi ya sa Allah Ya nuna miki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin mutum 300,000 ne ruwa ke ci kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce kan gaba. Cikin abubuwan da hukumar ta ba da shawara a yi har da koya wa yaran da suka isa makaranta iyo a ƙarƙashin kulawar manya. Ramin tubali ba shi da gangare irin na bakin kogi. Yaro yana tafiya ruwa iya ƙugu, taku ɗaya ya faɗa inda mai haƙa ya zurfafa, ga laka ta riƙe ƙafa. Wannan wurin dai a rufe maganarsa daga yau.

Akwai kuma abin da kududdufi ke bayarwa wanda ba a gani rana ɗaya, wato tsargiya. Ƙwayar cutar na zama ne a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga, ko bai sha ko ɗigo ba. Bayan makonni ko watanni yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari, kuma ɗan shekara 13 kunya ba za ta bar shi ya gaya wa mahaifiyarsa ba. A da har wasu manya kan ɗauke ta alamar balaga, alhali ciwo ne da ke cin mafitsara a hankali in an ƙyale shi. A sa mahaifinsa ko kawunsa ya tambaye shi a keɓe, kuma ko ya ce ba komai, a kai shi asibiti a gwada fitsari. Maganin, praziquantel, sananne ne, amma da nauyin yaro ake auna shi, don haka a bar likita ya rubuta.

Kin ga ke nan maganar ba ta ɓoyuwa ga maigida. Ki faɗa masa, Hajiya, kada ta wuce makon nan. Ki bari sai bayan isha'i, ya ci abinci, yara sun kwanta. Kafin ki buɗe zancen ki roƙe shi alfarma ɗaya, cewa ba za a daki yaron ba, domin gaskiya ya faɗa miki, in kuwa aka dake shi a kan gaskiya gobe ƙarya zai kawo muku. Kada kuma ki ɗauki kuɗin adashenki ki biya masa kulob a bayan idon mahaifinsa. Ranar da abin ya fito, kuma zai fito, yaron ne zai rasa wasan, ke kuma ki rasa bakin magana.

Dalilan maigida biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Cewa wasan Turawa ne, haka ne. A Birtaniya aka fara shi wajen shekarun 1870, wani malamin iyo ɗan Sikotland mai suna William Wilson na cikin waɗanda suka fara tsara masa dokoki, ya kuma shiga Olamfik tun 1900. To amma ƙwallon ƙafa ma daga can ta zo, ga shi muna cika filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa in Wikki Tourists na da wasa. Iyo kuwa namu ne tun kaka da kakanni, a tambayi masuntan kogin Gongola. Akwai ma maganar da malamai ke jinginawa ga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Ki ambata masa ita a hankali, ba da niyyar kayar da shi a muhawara ba. Batun otal kuwa, a nan yana da gaskiya, zan dawo kansa.

Bari in gaya miki mene ne wasan, don ki san abin da kike goyon baya ko kike ƙi. Ana ce masa wota polo, mu dai mu ce ƙwallon ruwa. Kowane ɓangare mutum bakwai ne a cikin ruwa, shida da gola, shi golan da jar hula. Wasan manya zango huɗu ne, kowanne minti 8, kuma agogo na tsayawa duk sanda alƙali ya busa usur, don haka akan kai awa guda ana fafatawa. Zurfin ruwan ba ya gaza mita 1.8, ba a yarda ka taka ƙasa ba, ba a yarda ka dafa bango ka huta ba. Hannu ɗaya ake kama ƙwallo da shi, gola kaɗai ke da izinin sa hannu biyu. Faɗin raga mita 3 ne, tsayinta daga saman ruwa santimita 90, kuma ƙungiya na da kimanin rabin minti ta kai hari ko ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wasa ne na ƙarfi, kada wani ya ce miki ba haka ba. Ana riƙe juna, ana ture juna, abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa ma alƙali ba duka yake gani ba. Shi ya sa ake duba farcen kowa kafin a fara, hular kuma take da marfin roba a kan kunnuwa, don kada ƙwallo ta daki kunne ta fasa dodonsa. Yaro zai dawo miki da yaƙushi, wata rana da yatsa a kumbure, wata rana kafaɗa na ciwo.

Duk da haka ina son wasan nan ga yaranmu, kuma ga dalilina. Ki duba abin da yake nema daga yaro: ya tsaya a ruwan da ya fi ƙarfin tsayinsa, kansa a sama, idonsa a buɗe, wani na jansa, ruwa na shiga masa hanci, amma hankalinsa bai tashi ba. Abin da ɗan'uwana ya rasa ke nan rannan. Ya iya ɗan iyo kamar kowannenmu, tsayuwa ce bai iya ba, kuma da ya tsorata komai ya kwance masa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ban san wani wasa da ke koyar da fid da kai kamar wannan ba, domin yaro na koyonsa ne yana bin ƙwallo, bai ma san darasin ceton rai ake ba shi ba.

Sirrin tsayuwar a ƙafa yake. Turawa sun sa mata sunan abin kaɗa ƙwai, ni kuwa maburgi nake ce wa yara, nan take su gane. Yaro zai zauna a bakin ruwa, ya ware gwiwoyi, ya karkata tafin ƙafa waje, sai ƙafar dama ta zana da'ira zuwa ciki, tana gamawa ta hagu ta ɗauka, ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, kamar ana burga miyar kuka. A makon farko zai yi ta shan ruwa yana tari, ya ce miki abin ba ya yiwuwa. Wata rana sai ki ga kafaɗunsa sun fito sarari, ya ɗaga hannu ɗaya, ya ɗaga na biyu, yana dariya. Na taɓa ba wani yaro siriri ƙaramar jarka cike da ruwa, buɗe, na ce ya kifa ta a saman kansa ya riƙe har ta tsiyaye. Ruwan na zubo masa a fuska, ƙafafu na aiki a ƙasa, jarkar na raguwa nauyi a hankali. Da ta ƙare ya wurgar da ita ya yi kabbara. Mahaifinsa na tsaye a gefe, mutumin da shi ma da fari ya ƙi, bai ce komai ba, sai ya tambaye ni ƙarfe nawa ne mako mai zuwa.

Amma ƙwallo ita ce ta ƙarshe a layi, kuma a nan za ki gane ko matashin nan ya san aikinsa. Iyon kududdufi yana ba yaro ƙarfin hali fiye da ƙwarewarsa: kai a sama, hannu da ƙafa na dukan ruwa, mita 10 ya gaji. Ni ƙa'idata, yaro ba ya shiga wasa a ruwa mai zurfi sai ya yi mita 50 bai tsaya ba, ya tsaya da maburgi minti 2, ya kuma iya kwanciya rigingine a kan ruwa ya huta in ya gaji. Ga mai zuwa sau ɗaya a mako, wannan kan ci wata biyu ko uku. Kafin nan ana iya ba su ƙwallo a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, su koyi kamawa da hannu ɗaya da miƙa wa juna. Haka ake fara wa ƙanana a ƙasashen da wasan ya kafu. A Ostireliya har suna suka ba shi, Flippa Ball, ana yi a ruwa marar zurfi da ƙaramar ƙwallo, yaro na da damar taka ƙasa. Idan kocin ya ce ranar farko zai raba su gida biyu ya jefa musu ƙwallo a tsakiyar zurfi, ki kama hannun ɗanki ku koma gida.

Zuwa da kai ya fi aike. Ki roƙi maigida ku je tare ranar Asabar, ba da yaron ba, kuma kada ku sanar za ku zo. Abu na farko, ki tsaya a gefen da ya fi zurfi ki leƙa. In ba ki ga ƙasan wurin tas ba, har da murfin magudanar da ke can ƙasa, magana ta ƙare, domin ruwan da ya ɓoye ƙasa zai ɓoye yaro. Ruwan ninƙaya yana zama garau ne da abu biyu, maganin kulorin da injin tacewa, injin kuwa wuta yake ci. Inda ake tsimin man janareta, kwana kaɗan ruwa ya fara kore, bango ya yi santsi, yara su kwaso ciwon ido da na kunne. Ki tambayi mai kula da wurin yaushe ya auna ruwan, ya nuna miki abin aunawar.

Sannan ki ƙirga manya. Mai koyarwa hankalinsa na kan yaron da yake gyara wa hannu, ba zai ga wanda ya yi shiru a can kusurwa ba. Dole a samu mutum na biyu a tsaye a bakin ruwa wanda ba shi da wani aiki sai kallo, ba waya a hannunsa, ba hira, kuma ya iya ruwa sosai. Kusa da shi a ga doguwar sanda da abin jefawa mai igiya, ko da jarka ce marar komai a ciki da aka toshe bakinta. Ki tambayi kocin kai-tsaye, a gaban maigida: in aka fito da yaro ba ya numfashi, me za ka yi, a ina ka koya, wane asibiti ne mafi kusa, da wace mota? Wanda ya sani zai amsa ba tare da ɓacin rai ba, har ya nuna miki yadda ake danna ƙirji da hura numfashi. Wanda ya ce miki in sha Allahu ba abin da zai faru ya tsaya a nan, ki ce masa amin, amma a ɗaure raƙumi tukuna. Ki lura ko yana ƙirga yara kafin su shiga da bayan sun fito. Masu koyo goma ga malami ɗaya sun yi yawa. Ki tambaye shi ko yana barin gasar wa ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, domin wannan wasan kan sa ko gwani ya suma a can ƙasa ba wanda ya sani. Dirowa da ka a wurin da ba zurfi ma haramun ne a wurina, ta nan ake karya wuya. In kuma hadari ya haɗu aka ji tsawa, kowa ya fito.

Yanzu batun otal. Wurin ninƙayar otal da yammacin Asabar ko Lahadi wuri ne na manya, da kiɗa da shisha da shigar da ba za ki so ɗanki ya saba da gani ba. Maigida bai yi kuskure ba. Maganinsa shi ne kulob ya kama lokacinsa shi kaɗai, da sassafe, misali daga 8 zuwa 10, a rubuce tsakaninsa da masu otal cewa ba baƙon da zai shiga ruwa ko ya zauna kallo a wannan lokaci. Iyaye su yi karɓa-karɓa, kowace Asabar uba ɗaya ko biyu su zauna daga farko har ƙarshe. Kocin da ya ce iyaye su ajiye yara a ƙofa su tafi, wannan ya fid da kansa. Ba babban da zai keɓe da yaro a ɗakin canja kaya, ba mai ɗaukar hoton yara da waya ya sa a Facebook ko TikTok ba da izinin iyayensu ba, kuma saƙon kulob ta wayar iyaye zai biyo, ba ta yaro ba. Faɗin haka ba zargin matashin nan ba ne. Mai yiwuwa yaron kirki ne da ke son yi wa garinsu abin alheri, kuma waɗannan sharuɗɗa shi ma kariya ce gare shi. Ya kuma kai takarda ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha a san da zaman kulob ɗin, daga nan a haɗa shi da hukumar wasannin ruwa ta ƙasa, inda ake samun horon masu horarwa.

Sutura ba matsala ba ce. Ɗan kamfen da ya gani a talabijin ba dole ba ne a wajen horo. Akwai wandon iyo mai kama jiki da ke kaiwa gwiwa, da riga irinsa, su rufe daga cibiya zuwa gwiwa har su wuce. Abin da za a guje wa shi ne wando mai faɗi da aljihu, yana shan ruwa yana jan yaro, kuma yatsan wani na iya maƙalewa a ciki.

Kafin ya fara, ki gaya wa kocin gaskiyar lafiyar ɗanki. Mai sikila, ruwan sanyi da gajiya na iya tayar masa da ciwo. Mai farfaɗiya ba ya shiga sai da izinin likita da mutum guda da ke kallonsa shi kaɗai. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa a ajiye a bakin ruwa. Mai kunne na zubar da ruwa ko mai gudawa ya zauna gida har ya warke.

Ƙanwarsa kuwa, kada a ce mata ke mace ce a rufe zancen. A watan Nuwamban 2020 kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Itas/Gadau, mutum 18 suka rasu, akasarinsu yara. Ruwa ba ya tambaya mace ce ko namiji, kuma 'ya'yanmu mata ne aka fi bari ba su iya komai a cikinsa ba. Shekara 10 lokaci ne mai kyau na koyo, jiki na da laushi, tsoro bai kafu ba. Amma ba cikin samarin nan za a jefa ta ba. Ku haɗu ku iyaye mata biyar ko shida, ku nemi mace mai koyar da iyo, ku kama awa guda da ba namiji a wurin. Akwai kayan iyo na mata masu rufe jiki duka har da kai. Kada dai a bar ta ta shiga da zani ko dogon hijabi, in suka jiƙe nauyi suke yi su nannaɗe ƙafa. Iyo za ta fara. In sun yi yawa sun ƙware, ƙwallon ma tasu ce, mata na buga ta a Olamfik tun gasar Sidni ta 2000, kuma a Faris 'yan matan Sifaniya ne suka ɗauki zinare.

Kuɗi kuma, mafi yawansa na hayar ruwa ne. Kayan wasan ba su da yawa: ƙwallo biyu ko uku na kulob, masu kaushin roba da ke kama hannu ko a jiƙe, lamba 4 ga sa'o'in ɗanki, lamba 5 ta manyan maza ce za ta yi wa tafinsa girma. Huluna saiti biyu. Raga kuwa mai gyaran famfo zai haɗa ta da bututun roba, a ɗaura jarkoki ta yi iyo. Ki biya wata-wata, kada ki biya na shekara, ki kuma nemi a gaya wa iyaye nawa ke tafiya otal, nawa ke tafiya aljihun koci.

Kada kuma a bar yaron ya gina gida a iska. Ƙasashen da wasan nan ke ciyar da mutum suna Turai ne: Hangari mai zinare 9 na Olamfik a ɓangaren maza, Sabiya da ta doke Kuroshiya 13 da 11 a wasan ƙarshe na Faris ta ɗauka karo na uku a jere, sai Italiya da Sifaniya. A Afirka, Masar da Afirka ta Kudu ne suka taɓa kaiwa Olamfik. A nan gida ƙofar da ta fi kusa ita ce ninƙayar tsere, wadda ke cikin gasar matasa ta ƙasa da kuma babbar gasar wasanni ta ƙasa, wadda Bauchi ta karɓi baƙuncinta a 1991 da 2000. Yaron da ƙwallon ruwa ta gina wa ƙirji da kafaɗa ba zai ji kunya a can ba. Amma boko da Islamiyya su ne gaba, kuma ki sa wannan cikin sharaɗi tun farko: sakamako ya faɗi, Asabar ta faɗi.

Shekarar ma ba duka ake shiga ruwa ba. Ruwan gasa akan riƙe shi wajen digiri 26 ne, na otal kuwa ba a ɗumama shi, a Disamba da Janairu da safe ƙanƙara ne. Ba kowane ruwa ne maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari ba, da ke zaune a digiri 31 rani da damina. In hunturu ya kankama a mayar da horo tsakar rana ko a koma tudu, a yi ta jifa da kamawa da hannu ɗaya a jikin bango. Yaron da leɓensa ya canja launi yana karkarwa a fito da shi ko yana roƙo. Da azumi a huta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Bauchi ke kora yara neman ruwa ko ta halin ƙaƙa, shi ne lokacin da kulob ya fi amfani.

Hajiya babba kuwa, kada kowa ya yi mata gardama, kada kuma a yi dariyar abin da take tsoro a ruwa. Wanda ya kai shekarunta ya ga gawar da aka ɗauko daga rafi, wataƙila ba ɗaya ba. Ɗanta ne zai je ya same ta, ba ke ba. Ya gaya mata inda jikanta yake zuwa a ɓoye, ya gaya mata inda ake so a mayar da shi da wanda zai tsaya a kansa, ya roƙe ta ta sa albarka ta riƙa yi masa addu'a duk Asabar kafin ya fita. In ta ga an sa ta a ciki, zuciyarta za ta fi saukowa.

Idan kuka je kuka tarar wurin bai cika sharuɗɗan nan ba, kada ku tsaya a kan a'a kawai, don kududdufin na nan yana jira. Ku nemi wani wurin, ko ku haɗu da sauran iyaye ku gyara wannan.

Shi kuma yaron, ki zaunar da shi yau. Ki ce masa kin ji daɗin gaskiyar da ya faɗa, za ki gaya wa babansa, kuma za ku je ku duba kulob ɗin da idonku. Abin da kike nema a wurinsa alkawari ne cewa ƙafarsa ba za ta sake taka kududdufin nan ba, ko abokai sun kira shi matsoraci. Ki tambaye shi su wane ne sauran yaran, ki bi gidajensu ki gaya wa iyayensu mata, su ma a kai su gwajin fitsari. In kun je otal ɗin kun dawo, ki sake rubuto mini abin da kika gani a ƙasan ruwan, da amsar da kocin ya ba ku a kan yaron da ba ya numfashi, sai mu duba abin da ya kamata a yi gaba.